ƘASARMU DA DAJINTA: JAWABI KAN LABARIN ƘASA DA TARIHIN BATSARI DA SAFANA



Tarihin ikilisiya da sunayen waɗanda suka yi mata hidima suna cikin wasu shafuka na wannan littafi. Aikin da kwamitin shirya biki ya ɗora mana shi ne mu yi magana a kan ƙasar da ikilisiyar take zaune a kai, wato ƙasar Batsari da Safana, da dajin da yake yamma da mu. Dalilin zaɓen wannan kan magana ba ɓoyayye ba ne. A cikin yaran da suke zaune gabanmu yau akwai waɗanda aka haifa a Katsina ko Dutsin-Ma a lokacin gudun hijira. Ba su taɓa ganin gonar kakansu ba, kuma abin da suka sani game da Dajin Rugu shi ne wurin da ɓarayi suke fitowa. Muna so su ji daga bakinmu cewa labarin ya fi haka tsawo. Wannan daji ya taɓa zama garuruwa, garuruwan suka koma daji, daga baya mutane suka sake komowa suka raya shi.

INDA MUKE ZAUNE

Batsari da Safana biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, kuma dukansu suna gefen yamma, kan iyaka da Jihar Zamfara. Arewa da Batsari akwai Jibiya, bayan Jibiya kuma sai Jamhuriyar Nijar da birnin Maraɗi. Gabas da mu akwai Kurfi da Dutsin-Ma, kudu da Safana kuma sai Ɗanmusa. Daga birnin Katsina zuwa garin Batsari tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Batsari mutum fiye da 200,000, Safana kuma fiye da 180,000. Bisa tsarin masarautar Katsina, hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Garuruwa irin su Ruma, da Wagini, da Kandawa, da Runka, da Zakka, da Tsaskiya, da Babban Duhu, duk a cikin wannan yanki suke.

Sunan hukumar da muke ƙarƙashinta ya sha canzawa. Iyayenmu sun biya haraji a Lardin Katsina na Jihar Arewa. A 1967 muka shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka sake mata suna ta zama Jihar Kaduna, sa'an nan a ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Maƙwabtanmu na yamma su ma sai a 1996 aka yanke musu Zamfara daga Jihar Sakkwato. Duk wannan canji a takarda ya tsaya. Duwatsu da rafuka suna nan inda suke.

Wanda ya hau ɗaya daga cikin duwatsunmu ya duba, zai ga ƙasar ta ɗan gangara zuwa yamma, kuma can ruwanmu yake bi. Kogin Karaduwa, wanda aka datse aka yi Dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-Ma, yana zuba ruwansa cikin Bunsuru. Bunsuru ya ratsa Zamfara ya shiga Rima, Rima ya bi ta Sakkwato, daga nan ruwan ya faɗa Kogin Kwara, ya wuce Lokoja har teku. Arewa da mu kuma Kogin Gada, wanda aka yi wa dam a Jibiya, yakan ƙetare iyaka ya wuce ta Maraɗi, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya sake komowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Ke nan ruwan da ya sauka a kan rufin gidajenmu, mutanen Zamfara da na Sakkwato ne suke noman rani da shi. Abin da ya same su yakan iso gare mu, abin da ya same mu kuma yakan isa gare su.

Damina a nan gajeriya ce, wata huɗu ce ko biyar, daga wajen Yuni zuwa Satumba. A cikin wannan ɗan lokaci ne manomi zai samo abincin shekara: gero, da dawa, da wake, da gyaɗa, da masara a inda ƙasa take da ƙarfi, da kuma rogo, wanda sunan Batsari ya yi nisa saboda shi. Sauran watanni kuwa na kaka ne, da hunturu, da bazara. Shi ya sa itatuwa suke da matsayi babba a rayuwarmu. Kuka tana ba mu miya, ɗorawa tana ba mu daddawa, tsamiya tana ba mu kunu, kaɗanya tana ba mu mai. Gawo kuwa ya bambanta da sauran itatuwa: yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya lokacin da dabba ba ta da abin ci. Tsofaffinmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san geron da yake ƙarƙashin gawo ya fi kyau, kuma ba sa yarda a sare shi.

YADDA GARURUWA SUKA ZAMA DAJI

Mu koma baya shekara ɗari biyu. A 1807 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje suka karɓi mulkin Katsina. Tsohon gidan sarauta ya yi ƙaura zuwa arewa, inda daga baya Ɗankasawa ya kafa sarauta a Maraɗi. Har yau sarkin can Sarkin Katsina ake kiransa. Tun daga lokacin aka shiga gaba tsakanin Katsina biyu, ta kudu da ta arewa, gabar da ta ɗauki kusan dukan ƙarni na 19. Ƙasarmu kuwa ita ce a tsakiya, ita ce hanyar da mahara suke bi in za su kudu, ita ce kuma hanyar komowarsu da bayi da shanu.

A farkon shekarun 1840, zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, garuruwan ƙasar Ruma suka yi tawaye suka bi Sarkin Maraɗi Ɗanmari, wanda ya zo har Matazu ya kafa sansani. Aka murƙushe tawayen da ƙarfin gaske. Aka rushe garuruwa, aka kama mutane, waɗanda suka tsira suka watse. Gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Babban ɓangare na dajin da yake tsakanin Katsina da Zamfara ta haka ya samu. Abin da muke so yaranmu su riƙe ke nan: a wurare da yawa na wannan daji an taɓa daka, an taɓa aure, an taɓa cin kasuwa.

Muna da shaidar wani baƙo da ya gani da idonsa. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da suna Abdulkarim, ya tashi daga Katsina a watan Maris 1853 zai tafi Sakkwato. Bai bi miƙaƙƙiyar hanya ba saboda tsoron mahara. Ya zagayo ta Kuraye da Kurfi, ya sauka a Zakka, wadda take cikin ƙaramar hukumar Safana a yau. Daga Zakka ayarinsu ya ratsa daji cikin gaggawa da fargaba, suna wuce kufan garuruwan da yaƙi ya cinye, har suka fita wajen Zurmi. Wanda ya ji wannan labari zai ce jiya aka yi shi. A wancan zamani ba a kwana sai cikin ganuwa, ba a noma nesa da gari, kuma mutumin da ake girmamawa shi ne mai doki da mashi. Har yanzu in ana labarin jarumawan ƙarshen wancan ƙarni, sai an ambaci Ɗanwaire na Ruma.

YADDA DAJI YA SAKE ZAMA GARI

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, kuma a 1906 suka naɗa Muhammadu Dikko sarki, wanda ya yi mulki har 1944. A cikin waɗannan shekaru ne Ingila da Faransa suka ja iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, suka raba 'yan'uwa gida biyu. Mulkin mallaka ya zo da nasa nauyi, wato haraji, da jangali, da aikin tilas, kuma yunwar Kakalaba ta 1914 ta hallaka jama'a da yawa. Amma hare-haren dawaki sun tsaya. Da suka tsaya, sai mutane suka soma fita daga cikin ganuwa. Magidanci ya ɗauki gatari da iyalinsa ya tafi ya yi sassabe, ya kafa bukka, ya haƙa rijiya. Wani ya bi shi, wani ya biyo wannan. Ƙauyuka da yawa da muke kira gida a yau haka aka kafa su. Wanda ya tambayi tsofaffin ƙauyensu zai tarar sau da yawa ana iya lissafa kakanni daga wanda ya fara saran daji zuwa yau ba tare da yatsun hannu ɗaya sun ƙare ba.

Fulani makiyaya su ma sun shigo da dukiyarsu, domin daji ya yi ciyawa ga kuma ruwa. Hukuma ta keɓe wani ɓangare ta mai da shi gandun daji. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar wuraren kiwo a 1965, kuma gandun Ruma da Kukar Jangarai yana cikin na farko da aka yi wa aiki, da taimakon gwamnatin Amurka. An yi madatsun ruwa domin shanu, an kawo malaman dabbobi, kuma Runka ta zama cibiyar wannan aiki.

Manyan da suke cikin wannan taro sun san irin zaman da aka yi a lokacin. Bayan an kwashe amfanin gona, manomi da kansa yakan je ruga ya roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa su bar taki, shi kuma ya ba da damin hatsi. Matan Fulani suna kawo nono da man shanu, suna komawa da gero da gishiri. Manomin da ya sami rarar kuɗi yakan sayi ɗan maraƙi ya ba makiyayi kiwo, babu takarda, babu shaida, sai amana. Akwai burtali da kowa ya san iyakarsa, akwai mashaya da ba a nomawa. Saɓani yana aukuwa, ba mu ce ba ya aukuwa ba. Amma in shanu suka yi ɓarna, mai gari da arɗo sukan zauna su kimanta, a biya, a tashi. Daji kuma yana ciyar da kowa: mai neman zuma, da maharbi, da mai sassaƙa turmi, da mai magani, da matan da suke tsintar ƙwarar kaɗanya.

SHEKARU HAMSIN ƊIN DA MUKA GANI

Iyayenmu da suka aza harsashin wannan majami'a sun yi haka ne ba su daɗe da fita daga farin 1973 ba, lokacin da gero ya ƙone a gona, dabbobi suka mutu, mutanen Nijar suka kwararo kudu neman abinci. A 1975 cuta ta lalata gyaɗa a ƙasar Arewa, wadda ita ce babbar hanyar kuɗin manomi. A 1983 ciwon bushiya ya karkashe shanu, a 1984 kuma fari ya sake dawowa. Duk da haka jama'a tana ta ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Gonar da mutum ɗaya ya noma sai aka raba ta ga 'ya'ya biyar. Aka daina barin saura ta huta. Noma ya ci cikin gandun daji, burtali ya tsuke har ya zama 'yar siririyar hanya, madatsun ruwan shanu suka cike da yashi babu mai yashewa. Motocin itace da na gawayi suka yi ta jigila zuwa birane.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A cikin masu noma burtali akwai mu. A cikin masu sare marke da ƙirya domin gawayi akwai 'ya'yanmu. Makiyayi ya ga wurin kiwonsa yana ƙarewa, ɗansa bai sami makaranta ba, in an kai shi ƙara kuma sau da yawa dukiyarsa ce take ƙarewa a wajen shari'a. Wannan ba hujja ba ce ga mai kisa da mai satar mutane, kuma Fulani da yawa su ne na farko da aka raba da shanunsu. Amma wanda yake son ya kashe wuta, ya kamata ya san inda ta kama.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Satar shanu ta yi ƙamari bayan 2011, bindigogi suka yawaita, 'yan sa-kai suka tashi, ramuwa ta bi ramuwa, daga nan aka shiga sace mutane domin kuɗin fansa. A watan Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙasar Batsari a dare ɗaya. A watan Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, sulhun bai ɗore ba. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu, na tsawon watanni. A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu tsakanin jama'a da masu ɗauke da makamai a Batsari, da Jibiya, da Safana. Babu gida a cikin wannan taro, na Kirista ko na Musulmi, da bai yi makoki ko ya tara kuɗin fansa ko ya sauki 'yan gudun hijira ba.

ABIN DA MUKE ROƘO

An ce waiwaye adon tafiya. Mun waiwaya mun ga cewa abin da ya faru a shekarun 1840 shi ne yake neman maimaita kansa: ƙauye ya watse, gona ta koma saura, suna ya ɓace. Mun kuma ga cewa wancan karon an ɗauki shekara kusan sittin kafin mutane su komo, kuma waɗanda suka komo sau da yawa ba jikokin waɗanda suka gudu ba ne, domin babu wanda ya riƙe musu labarin wurin. Saboda haka muna da roƙo guda huɗu.

Na farko, mu rubuta. Kowane gida ya sami littafi, ɗan makaranta ya zauna gaban tsoho ko tsohuwa ya rubuta sunan ƙauyensu, da wanda ya kafa shi, da inda rijiya take, da iyakar gona daga wace kuka zuwa wace tsamiya, da sunayen maƙwabta na gabas da na yamma, da inda aka binne kakanni. A yi wannan tun masu sani suna da rai. Muna roƙon matasan ikilisiya su ɗauki wannan aiki, kuma kada su tsaya a gidajen 'yan ikilisiya kaɗai.

Na biyu, kada mu yi gaggawar sayar da gona. Mun san matsin da yake sa mutum ya sayar, musamman wanda aka kama masa ɗa. Amma inda hali ya yi, jingina ko aro a gaban mai gari da shaidu ya fi sayarwa, domin gonar da aka sayar a lokacin tsoro da araha take tafiya, kuma da wuya ta dawo. 'Yan'uwa da suke aiki a birane su taimaka wajen riƙe gonakin gida.

Na uku, mu raya itatuwa. Misali yana nan kusa da mu. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma suke sarewa kowace bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya shawarci manoma su riƙa barin tsiro ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a kan kowane kututture, su datse sauran, su kiyaye shi. Mutanen can suna kiran wannan sassaben zamani. Ba ya bukatar sayen iri, ba ya bukatar ban ruwa. An kimanta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Ƙasarmu ta fi tasu samun ruwan sama. Wanda ya koma gonar da ta yi shekaru babu noma zai tarar da gawo da kalgo da sabara sun tsiro. Kada ya share su duka.

Na huɗu, mu bar burtali a matsayin burtali, mashaya a matsayin mashaya. Tsaro aikin hukuma ne, kuma muna roƙon hukuma ta riƙe shi da gaske, ta gyara madatsun ruwa da makarantu da asibitocin yankin daji. Amma iyakar gona a hannunmu take. In makiyayi mai neman halaliyarsa ya sami hanya da ruwa, ɗansa ya zauna aji ɗaya da ɗanmu, to mun rage wa masu ɓarna mutanen da za su ɗauka.

'Yan'uwa, waɗanda suka fara saran dajin nan bayan 1903 ba su da mota, ba su da waya, ba su da taki na zamani. Gatari ne da su, da haƙuri, da maƙwabta. Abin da suka kafa shi ne muka gada. Fatanmu shi ne, ranar da za a yi bikin cika shekara ɗari, wanda zai tsaya a wannan wuri ya karanta sunayen ƙauyukan Batsari da Safana, a sami mutumin kowane ƙauye a cikin taro ya amsa.

 Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya komo da waɗanda suke hannun masu garkuwa, ya ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. Amin.